Kifin Malam Atiku

A tashar motar Gummi, in ka ce kana neman Magaji, za a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Magaji Rijistara, ko mai sayar da rake zai nuna maka shi da baki. Direba ne, mai wata tsohuwar Sharon ruwan toka wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai an sa mata gwiwa. Karatunsa na boko a aji huɗu na firamare ya tsaya, shekarar da mahaifinsa ya ga fadama ta fi makaranta buƙatar yaron. Duk da haka, daga wajejen 2010 zuwa gaba, da wuya a samu yaro ko yarinya daga Gummi, Bukkuyum ko Anka da ya samu gurbi a kwalejin horon malamai bai ji ta bakin Magaji a kan kwas ɗin da zai ɗauka ba. Ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, za ka ji.

Ni Zinatu, maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma da ɗiyarsa Zulai muka yi wasan ƙasa. Saboda haka na san Baba Magaji tun kafin a laƙa masa Rijistara, tun yana Magaji mai yawan tambaya. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya ƙyale. In ya ga tururuwa ta canza hanya, sai ya tsaya ya ga dalili, ko da kuwa fasinja na zufa a mota.

Ɗalibai ne suka sa masa sunan. Duk farkon zango shi ke kwasar su daga tasha, ya bi ta Anka, ya sauke su a bakin ƙofar kwaleji, duk ƙarshen zango kuma ya je ya kwaso su. Bai taɓa shiga ciki ba. Yakan ce mai rigar da ta sha baƙin mai ba ya kutsawa cikin masu alƙalami. Amma a tafiyar dawowa yake aikinsa na rijistara, ta madubin da ke gabansa.

"Ni ba ni karanta takarda," in ji shi, "ɗalibi nika karantawa."

Kuma yana karanta su kuwa. A wurinsa, malamin lissafi mutumin kirki ne amma ba na kowa ba, don ɗalibansa kan dawo shiru, leɓe na motsi, kamar masu lazimi. In ya ga yaro mai son surutu, sai ya ce masa kada ya kusanci wurin, zai kumbura. Sashen Turanci kuwa yana yabonsa da rabin baki, wai 'ya'yan mutane na dawowa suna kora awaki da Turanci, awakin kuma ba su ji. Malam Hayatu na sashen Hausa yana da daraja a idonsa, saboda ɗalibansa ne kaɗai ke raira waƙa tun daga ƙofar kwaleji har kwanar Bukkuyum, Baba Magaji ba ya jin barci in ya ɗauko su. Wanda ya ce zai karanta aikin gona kuwa, sai Baba Magaji ya juyo gaba ɗaya, mota na tafiya, ya dube shi.

"Ka baro gonar ubanka ka tai a koya maka noma bisa allo? To, Allah shi ba da sa'a. Amma dai malamin nasu shina da hanƙuri, na ji an ce ko kaza ba shi tsawata ma."

Duk wannan share fage ne. In aka zo kan labarin ƙasa, sai ya rage gudu, ya gyara hula, muryarsa ta canza.

"Labarin ƙasa, wurin Malam Atiku. Nan karatu yake. Saura duk rakiya sunka yi."

Sau ɗaya tak ya taɓa ganin Malam Atiku. Wata damina ce, malamin ya shigo motarsa daga Anka, dattijo siriri da jakar fata, ya zauna a gaba. Hira ta kai su ga aikinsa, sai Baba Magaji ya jefa masa tambayar da ta daɗe tana cinsa: me ya sa gulbin Zamfara kan cika ya shanye shinkafar mutanen Gummi alhali an kwana biyu ko ɗigo bai sauka a garin ba? Ya taɓa yi wa wani ma'aikaci wannan tambaya, mutumin ya ce masa ya dubi hanya. Shi kuwa Malam Atiku sai ya ce a tsaya. Suka sauka a bakin wata kwalbati, ya tsinci kara, ya tsuguna ya zana a ƙasa yadda ƙoramu ke tattaro ruwan da aka yi can gabas su zuba wa gulbi, gulbin ya ɗauko ya kawo wa na ƙasa. Fasinjoji na ta ƙorafi, wata tsohuwa har da cewa kajinta za su mutu, malamin bai tashi ba sai da ya ga direba ya gane. Da za su rabu ya ce, "Malam Magaji, in ka sake samun tambaya, ka aiko."

Malam Magaji! Ranar har Inna Hajara, matarsa, sai da ta gaji da jin labarin. Ta ce da mu, tun da aka yi aurensu ba ta taɓa ganin ya ci tuwo yana murmushi shi kaɗai ba sai ranar.

Daga nan al'ada ta kafu. Duk farkon zango, Baba Magaji zai sayi busasshen kifin Gummi mai kyau, wanda ya sha hayaƙi har ya yi ja, a ƙunshe a takardar siminti, ya damƙa wa babban ɗalibi a motar ya kai wa Malam Atiku. Tare da kifin akwai tambaya. Me ya sa ake hango ruwa kwance a kan kwalta da rana tsaka, in an isa babu? Me ya sa ruwan rijiyar Anka da na Gummi ba ɗanɗano ɗaya ba? Ina guguwa ke zuwa in ta gama? Ƙarshen zango kuma, wanda ya kawo amsa shi ke zama a kujerar gaba, har a saya masa rake a hanya. Amsoshin kuwa suna zuwa, masu daɗi, dalla-dalla. Baba Magaji ya haddace su ya je ya baje wa 'yan kamasho a tasha. Har kalmar malamin ya ɗauka. In wani ya cika gardama a kan abin da bai gani ba, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam Atiku ya ce: kar ka gaya mini, je ka taɓo."

Sai dai duk wanda ya tura sashen, yakan haɗa masa da gargaɗi ɗaya. Akwai wata Malama Dorothy a can, a yi hattara da ita. Shi bai taɓa ganinta ba, amma kunnensa ya cika da ita. Ita ce mai fitar da ɗalibai cikin rana su haƙa rami su shafa ƙasa a hannu. Ita ce mai rufe ƙofar aji in ta shiga, ko ɗan hakimi ne ya makara sai dai ya leƙa ta taga. Ita ce ta sa wani ɗan Nasarawa Burkullu ya maimaita kwas har ya fara furfura, in ji masu faɗa.

"Wagga mata," Baba Magaji kan ce yana girgiza kai, "ban san yadda Malam ka zama ofis guda da ita ba. Mutum na mai hanƙuri."

A haka yaran ƙasarmu suka yi ta kwarara sashen labarin ƙasa. Wanda ubansa ya so ya zama alƙali, da wadda ta so aikin jinya, duk Sharon ta juye su a wuri ɗaya.

Shekarar 2016 ni da Zulai muka samu gurbi. Ni gidanmu ba a yi wata jayayya ba, yayyena biyu sun riga sun buɗe hanya. Amma Zulai ita ce 'ya mace ta farko a zuriyarsu da za ta kwana a wani gari saboda boko, kuma ita kaɗai ce mace a wurin iyayenta. Inna Hajara ta yi kuka, baffanninta suka yi ta zuwa da yamma suna zama a zaure suna gyaran murya. Shi kansa Baba Magaji, da ya kai 'ya'yan mutane ba adadi yana dariya, da abin ya zo kan tasa sai ga shi yana zagaye tsakar gida ba dalili. A ƙarshe ya yanke magana a gaban kowa.

"Zulai za ta tai. Amma ba ƙohwa zan aje ta ba awa buhun gero. Da hannuna zan kai ta in damƙa ma Malam Atiku amana. In ban gane shi da idona ba, akwatinta ba shi sauka mota, tare za mu komo."

Kowa ya yarda, don duk Gummi an san Baba Magaji ba ya faɗa ya canza. Zulai ta ƙanƙame ni a bayan ɗaki tana tsalle. Tun muna aji uku na sakandare take zana taswira a bangon kicin da gawayi, Inna na gogewa tana sakewa.

Ranar tafiya da safe, sai ga Baba Magaji ya fito da babbar riga sabuwa fil, fara, ta sha bugu, da hula zanna, yana ƙamshin turare. 'Yan tasha suka yi ta shewa, wai ko takarar kansila zai tsaya. Kifin ranar ma ya fi na kullum girma. Muka shiga, ni da Zulai a tsakiya, manyan ɗalibai a baya. Babbansu shi ne Mas'ud, ɗan ajin ƙarshe, mai baki kamar rediyo. Na lura tun da ya ga babbar rigar nan bakin ya mutu. Da ya miƙa hannu zai karɓi kifi kamar yadda aka saba, Baba Magaji ya ce, "A'a, yau ni ka kai shi da kaina." Mas'ud ya koma kujera a hankali kamar wanda aka zare wa laka.

A Anka muka tsaya shan mai. Baba Magaji ya tafi gaisawa da abokansa, yana tafe yana tattare riga kada ta taɓa ƙasa. Mas'ud ya yafito mu bayan mota, yana waige-waige.

"Zulai, Zinatu, akwai magana. Ku yi min rai kar ku yi kuwwa." Ya rage murya. "Babu Malam Atiku."

"Ya rasu?" in ji Zulai, ta dafe ƙirji.

"Shina nan da rai nai, in sha Allahu. Amma ya aje aiki tun da daɗewa, ya koma garinsu. Ni kaina ban taɓa ganinai ba. Waɗanda sunka riga mu ma ba su gane shi ba."

"To kihin fa?" na ce.

Mas'ud ya dubi ƙasa. Wallahi ko a lokacin, cikin tashin hankali, sai da na ga ya lashi leɓe.

Ga yadda abin ya faru. Wani Abdulbasit, wanda yanzu hedimasta ne ana gaishe shi da girma, shi ya fara kai kifi ya tarar an canza suna a ƙofar ofis. Ya rasa yadda zai yi, ga yunwar makon farko, ga ƙamshi na tashi daga ƙarƙashin gado. 'Yan ɗakinsu suka taya shi shawara da tukunya. Da hutu ya zo ya yi niyyar faɗin gaskiya, amma yana isa mota ya ga fuskar Baba Magaji ta washe, yana tambaya, "Mi yac ce? Ya ji daɗin kihin?" Sai bakinsa ya ce, "Ya ce a gaishe ka ƙwarai." Aka sa shi a kujerar gaba, aka saya masa rake. Tun daga nan, duk sabon ɗalibin da ya iso yana neman Malam Atiku, sai manya su zaunar da shi, su zuba masa romon kifi, sai ya side kwano sannan a gaya masa abin da ya ci. Wanda ya sha romo kuwa ba shi da bakin tona asiri.

"To amsoshin tambayoyin Baba, wa ka ba ku su?" Zulai ta tambaya.

"Malama Dorothy. Ita ta gaji kujera tai. Mu kan ɗaga hannu cikin aji mu yi tambayar awa tamu ta, ta amsa, mu riƙe mu kawo."

Wato shekara da shekaru yaran nan sun raba mace ɗaya gida biyu. In ta gasa su a rana, sunanta Dorothy. In ta faɗi abin da ya shiga rai, sunanta Atiku. Ni dariya ta taso mini, amma da na dubi Zulai sai ta koma. Idonta na kan but ɗin mota, inda akwatinta na ƙarfe mai fentin fure yake a ɗaure da igiya.

Mas'ud ya fara kawo dabaru. Wai a ce Malam ya tafi Umara. Wai akwai wani dattijo mai sayar da littattafai a bakin ƙofa, siriri ne shi ma, in aka ara masa jakar fata zai wuce. Zulai ta dube shi sama da ƙasa.

"Ubana za ka yi ma wasan kwaikwayo da babbar riga tai? Kun ci kihinai, ba ku cin mutuncinai gabana."

"To ki hwaɗa mai ke."

Ta juya. Ga Baba Magaji nan tafe, yana ɗauke da rake guda biyu, ɗaya nata ɗaya nawa, yana murmushi har kunne. Ba ta iya faɗa masa ba. Ni ma da nake ganin laifin Abdulbasit, a nan na gane yadda aka yi bakinsa ya kufce.

Sauran tafiyar, Baba Magaji kaɗai ke magana. Ya sake ba mu labarin kwalbati, har ya nuna mana ita da muka wuce. Ya yi wa Zulai gargaɗi a kan Malama Dorothy, wai in ta hango ta ta canza hanya. Daga kujerun baya ba ka jin komai sai tari.

Da muka isa, maimakon ya tsaya inda ya saba, sai ya danna hancin Sharon cikin ƙofar kwaleji, ya yi wa mai gadi sallama da ƙarfi don ya ɓoye tsoronsa. Aka sauke kayan kowa, har nawa. Wani ya kai hannu kan akwatin Zulai, ya ce, "Bar shi nan tukuna." Ya rungumi kifi, ya ce Mas'ud ya shige gaba. Mas'ud ya yi gaba kamar ragon da ake ja kasuwa, mu muna biye.

Ofishin ɗan ƙarami ne, ga taswirori a bango, ga gwangwanaye cike da ƙasa iri-iri a kan kanta, ja da baƙa da fara. A bayan tebur wata mata ce gajera, mai tabarau da ɗankwalin atamfa, tana cin gyaɗa. Baba Magaji ya yi sallama, ya rusuna kaɗan, ya ce Malam Atiku yake nema.

"Malam Atiku?" Ta cire tabarau. "Ai ya daɗe da yin ritaya. Ni na karɓi aikinsa. Sunana Dorothy."

Ban taɓa ganin babbar riga ta yi wa mutum yawa a take ba sai ranar. Ya juya ya dubi Mas'ud, Mas'ud ya dubi silin. Ya dubi Zulai, hawaye na bin fuskarta. Ba wanda ya yi masa bayani, kuma bai nema ba. Mutumin da ke karanta ɗalibi ta madubi, yau ga su a gabansa ƙiri-ƙiri. Ya gyara riƙon kifinsa, ya ce a hankali, "To. Allah shi ba ki hanƙuri, Malama, mun yi ɓatan kai. Zulai, mu tai."

Zulai ta juya za ta bi shi, don ba a yi mata tarbiyyar musu da uba a gaban mutane ba.

"Dakata," in ji Malama Dorothy. "Daga ina kuke?"

"Gummi."

"Gummi!" Ta ajiye gyaɗar. "To ko kai za ka warware mini wani abu. Yaran Gummi da Bukkuyum da Anka sun cika mini aji, ban san wanda ke turo su ba. Kuma ba su da tambaya, ko ka yi musu tsawa sai dai su sunkuyar da kai. Amma duk makon farko na zango, sai ɗayansu ya miƙe yana zufa ya yi mini wata tambaya da na san ba daga kansa ta fito ba. Wannan," ta nuna Mas'ud da biro, "shi ya tambaye ni inda guguwa ke zuwa in ta gama. Yaron da ko inda takalminsa yake bai sani ba. Na ce masa wa ya aiko ka, ya rantse mini shi ne. Na ce kar ka gaya mini..."

"Je ka taɓo," in ji Baba Magaji, kamar a mafarki.

Suka tsaya suna kallon juna. Ita ta fara ganewa, ta tuntsire da dariya har tana riƙe tebur.

"Kai ne! Kai ne mai ruwan kan kwalta! Ka san sai da na kwana biyu ina bincike kafin in amsa ta rijiyar Anka? Zauna, Malam, don Allah zauna." Ta kwashe takardu daga kan kujera da hannunta.

Bai zauna nan da nan ba. Kunya ta rufe shi, don ya tuna abin da bakinsa ya yi ta faɗa a kanta daga Gummi har Anka, zango bayan zango.

"Malama," ya ce, "ni kau na zage ki da yawa. Ban san ke ta ba."

"Ai ba kai kaɗai ba. In ba su zage ni ba, ban yi aiki ba ke nan. Zauna."

Ya zauna a bakin kujera, kifi a cinya. Sannan ya ce akwai tambaya ɗaya da bai taɓa ba yara su kawo ba, don ba ta rake ba ce, ya ajiye ta sai ya ga Malam ido da ido. Ƙanwarsa Hure tana aure a Tungar Daji. Shekarar da gubar dalma ta ɓarke a ƙauyukan masu niƙa dutsen zinariya, ta rasa ɗanta na goye. An zo an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. Yanzu ta sake haihuwa, yaron ya fara rarrafe, kuma duk sanda ya kai hannu ƙasa sai ta fizge shi.

"Ƙasar da guba tac ci, Malama, tana warkewa?"

Dariyar ta bar fuskarta. Ta jawo kujerarta ta zagayo kusa da shi, ta ɗauko gwangwani ɗaya ta zuba ƙasa a tafin hannunta. Ta ce dalma ba ta ruɓewa kamar taki, inda ta zauna tana nan sai an kwashe ta, shi ya sa aka kankare. Ta ce in an daina niƙa dutsen a cikin gida, in masu aikin na wanka su canza tufafi kafin su shigo, sabuwar ƙasar za ta zauna lafiya, in kuwa aka koma, gubar ma za ta komo. Ta ce a kai yaron a gwada jininsa, kada a tsaya zato. Sannan ta ce, "Abin da ya gangara fadama da rijiyoyi kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, ban san iyakarsa ba. Sai an je an taɓo, kuma 'ya'yan wurin ne za su yi, ni tsufa ya fara kama ni."

Sun daɗe a haka. Wayarsa na ta ƙara a aljihu, 'yan kamasho na nemansa ga fasinjan komawa, bai ko duba ba. Ni dai ina tsaye ina addu'a a zuci.

Da suka gama ya miƙe, ya ɗora ƙunshin a kan tebur da hannu biyu. Ta buɗe, ƙamshi ya cika ofis.

"Wannan fa?"

"Naki na. An daɗe ana aiko miki shi, hanya ta ba ta da kyau." Ya saci kallon Mas'ud. "Akwai ɓeraye."

Mas'ud dai ranar komawa hutu a but ya zauna, tare da buhunan albasa, kuma bai yi ƙorafi ba.

Baba Magaji ya kama hannun Zulai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun tana ƙarama, ya ce, "Malama, ga ɗiyata. Ita ɗai gare ni mace. Wurin wani niz zo kawo ta, ashe ke ta. In ta makara ki ruhe ƙohwa, in rana ta ki kai ta. Amma amana ta."

"Na karɓa," in ji Malama Dorothy.

Muka fito. Ya buɗe but, ya kwance igiya da kansa. Samari suka ruga za su taya shi, ya kore su. Ya naɗe hannun babbar rigar nan da ya yini yana kare ta daga ƙura, ya cire hula ya ba ni riƙo, ya ɗora akwatin ƙarfe a kansa. Haka ya ratsa tsakiyar kwalejin da ya shekara da shekaru yana jin kunyar shiga, yana gaida duk wanda ya gamu da shi, mu muna biye Zulai na kuka tana dariya.

A ƙofar ɗakin kwanan mata ya sauke. Ya tsaya yana haki, sai ya shiga gyara zaman akwatin da ba ya buƙatar gyara. Can ya ɗago.

"Zulai, ga ta wanga zango. Ki tambaye ta mi as sa ƙasar hwadama take baƙa, ta tudu ja." Ya karɓi hularsa daga hannuna ya kafa. "Ki ɗaga hannu sosai kowa shi gani. In tac ce wa ya aiko ki, ki ce babanki na."